Yadda Ake Rubuta Waƙa Kan Mata Masu Aikin Gini a Kano

Wanda ya bi ta Ɗanbare ko Rijiyar Zaki ko Mariri ranar da ake zuba dakin, wato rufin kankare, a wani sabon bene, yana iya hango mata a cikin layin leburori, kwanon sarki a ka, ana hawa ana sauka. Ba su kai maza yawa ba ko kusa, amma suna nan. Akwai masu fasa dutse a bayan gari, akwai masu ɗebo ruwan kwaɓi, ga kuma waɗanda suka karanta aikin injiniya ko zanen gine-gine a Jami'ar Bayero ko a Wudil, suna tsaye da hular kwano suna duba ɗaurin rodi. Masu rubuta waƙa sun fara waiwayar su, musamman idan 8 ga Maris ta zagayo ana bikin ranar mata ta duniya.

Matsalar ita ce yawancin abin da ake rubutawa bai wuce iri biyu ba. Ko dai kirari, a cika baiti da "jaruma" da "gwarzuwa", ko kuma tausayi, a cika shi da hawaye da "Allah sarki". Sai ka karanta baiti ashirin ba ka ji ƙurar siminti ta shiga hancinka ba. Da za a cire kalmar gini a sa asibiti ko tallan ƙosai, waƙar ba za ta motsa ba. Matakan da ke biye na wanda yake son waƙarsa ta fito daga cikin aikin ne, mace ce ko namiji.

Mataki na farko: ka san ba yau mata suka shiga gini ba

Mai waƙa da yawa yakan buɗe da mamaki, wai zamani ya zo har mace tana gini. Wannan mamakin rashin sanin gida ne. A ginin gargajiya maza ne ke cuɗa ƙasa, su yi tubali, su ɗora azara, su ɗaure bakan gizo. Amma daɓe na mata ne. Idan aka gama ɗaki, musamman na amarya, matan unguwa kan yi gayya, a shimfiɗa birji ko tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, kowace da madaɓinta, a yi ta bugu har ƙasa ta kwanta ta yi sheƙi. Kuma ba a shiru ake yi ba. Ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, saukar madaɓi shi ne kiɗan. A cikin waƙoƙin daɓe ake yi wa kishiya habaici, a yi wa raguwa zambo, a yabi mai ɗaki. Zuwan siminti ne ya kashe daɓe a cikin birni, waƙoƙin suka koma bakin tsofaffi da kundayen ɗalibai a sashen harsunan Najeriya.

Saboda haka kafin ka ɗauki biro, nemi tsohuwa a gidanku ko a maƙwabta wadda ta yi daɓe da hannunta, ka roƙe ta ta rera maka abin da ta tuna. Kada ka kwafi baitocinta. Abin da za ka saurara shi ne inda bugu yake faɗawa a cikin layi, da yadda layukan suke gajeru saboda mai aiki ba ta da dogon numfashi. Idan da hali ka leƙa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ka ga ginin ƙasa da idonka, ka taɓa bango. Birnin da aka fara zagaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ba ya rasa kalmomin gini, kuma kududdufan cikin gari shaida ne na yawan ƙasar da aka haƙa aka ɗora.

Mataki na biyu: zuwa wurin

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ba a faɗa wa wurin gini kai tsaye a fara tambayar mata. Ka fara neman mai ginin ko ɗan kwangila, sannan shugaban leburori, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: waƙa kake son rubutawa, kai ba ɗan jarida ba ne, ba ma'aikacin haraji ba ne, ba kuma tallafi ka zo rabawa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don da zarar an zaci tallafi ne, labarin da za a ba ka zai sauya, kowa ta zama marainiya.

Gaisuwa ita ce mabuɗi. "Sannunku da aiki." Wadda ta haife ka, "Baba, sannu da ƙoƙari" ko "Inna, ina gajiya?" Wadda ta ɗan girme ka, Yaya. Mai hular kwano kuwa Injiniya za ka ce mata, ba Hajiya ba, ba 'yammata ba, don ta sha wahala kafin ta sami sunan. Kada ka tsayar da mai kwano a ka. Jira lokacin cin abinci, sa'ad da mai garau-garau ta sauke tukunya, ka sayi naka ka zauna daga gefe. Namiji ya fi kyau ya tafi da 'yar'uwarsa ko matarsa, hira ta fi sakin jiki. Waya ta zauna a aljihu. Hoto ko ɗaukar murya sai da izini, kuma da yawa ba za su yarda ba, domin akwai wadda danginta ba su san wannan aikin take yi a birni ba.

Za ka tarar ba labari ɗaya ba ne. Wata bazawara ce, wata mijinta na nan da rai yana wani aikin, wata ci-rani ta zo ta tara kuɗin taki ta koma kafin damina, wata Hausa ma ba harshenta na farko ba ne. Wata kuma za ta gaya maka ta fi son wannan aikin da wankau ko aikatau, don kuɗinta a hannu da yamma, babu mai yi mata gori. Irin wannan amsar ce ke rushe waƙar tausayin da ka riga ka tsara a ranka, kuma gara ta rushe.

Mataki na uku: koyi aikin har ka iya bayaninsa

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne ake tsallakewa. Ka buɗe shafi a littafinka ka tara abin da ido da kunne suka ba ka, ba tare da ƙoƙarin yin baiti ba tukuna.

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a lissafin magina kwanon sarki biyu ne. Haɗin kankare da aka fi yi wa dakin shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya na siminti, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa, sai ruwa. Idan kwanon busasshen siminti kilo 25 ne, to kwanon jiƙaƙƙen kankare ya fi haka nesa. Shi take ɗorawa a kan gammo ta hau da shi tsani ko gadar katako, ta juye, ta sauko, ta sake. Kuma ba a son a katse zuba dakin a tsakiya, domin in wani sashe ya bushe kafin a haɗa shi da sabo, wurin haɗin yakan zama rauni. Shi ya sa ake tara leburori da yawa a rana ɗaya, shi ya sa kuma ranar dakin ba ta da tsayawa sai an kai ƙarshe, ko da magariba ta yi. Wanda bai san wannan ba zai rubuta "tana aiki tuƙuru". Wanda ya sani zai rubuta yadda ake gudu da kankare kafin ya kama.

Bayan an zuba, sai shayarwa. Ana ba kankare ruwa kwanaki, aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Goran da ke tokare da dakin ba a cire su sai bayan makonni. Bulo akwai mai inci 9 da mai inci 6. Rodi akwai mai mili 12 da mai mili 16, ana ɗaure shi da waya. Yashi tifa ce ke kawo shi daga rafuka irin su Challawa. Je ka Ƙofar Ruwa ka yi yawo cikin masu sayar da kayan gini ka ji yadda ake kiran abubuwa: shebur, diga, baro, cokalin gini, linta, filasta. Ka ji bambancin birkila da lebura, da bambancin kuɗin wuni da jinga. Masu fasa dutse kuwa da mudun aikinsu ake biyan su, kwano ko baro ko tarin da zai cika mota, ba da awa ba.

Sai jiki. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, yana tsattsaga yatsu da dunduniya, shi ya sa za ka ga an naɗe hannu da tsumma ko leda, an sa tsohuwar safa. Ƙura tana zama a gira da gashin ido. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, rodi ya yi zafin da ba a kama shi da hannu tsirara. A hunturu kuwa ruwan kwaɓi da safe kamar ya yanke yatsu. Dubi yadda take ɗaure zani, inda take soke kuɗi, inda ta kwantar da goyo, wanda ke riƙe mata shi. Saurari abin da ake kira: "Miƙo!" "A ƙara ruwa!" "Hanya!" Waɗannan su ne kayan waƙarka.

Ita ma injiniya tana da nata. Tambaye ta ranar da ta ce a kwance ɗaurin rodi a sake, birkilan da ya haife ta ya dube ta ya yi shiru. Tambaye ta yadda take ƙirga buhunan siminti don kada a rage haɗi. Ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, sai a shekarar 2024 mace ta fara shugabantar ta, wato Injiniya Margaret Oguntala. Amma kada ka cusa wannan a baiti don nuna sani. Amfaninsa ka fahimci dalilin da wancan birkila ya yi shiru.

Mataki na huɗu: tsuke jigo, ka zaɓi mai magana

"Mata masu aikin gini" ba jigo ba ne, fage ne. Jigo shi ne abu ɗaya: ranar dakin daga asuba zuwa biyan kuɗi, ko hannun mai fasa dutse, ko wadda ta gina ɗakuna ba adadi tana zaune a ɗakin haya mai yoyo. Ɗauki ɗaya ka bar saura don wata waƙar.

Sai ka yanke wa zai yi magana. Kana iya zama mai kallo ka ce "ta ɗauka, ta hau". Kana iya ba ta baki ta ce "na ɗauka, na hau". Na biyun ya fi zaƙi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ya fi haɗari, don in ba ka zauna da su sosai ba za ka sa mata maganar ɗan jami'a a baki. Shawarata ga mai farawa ya tsaya a mai kallo. Akwai hanya ta uku da ba a cika bi ba: musayar magana tsakanin injiniya da mai kwano, mata biyu a gini ɗaya, ɗaya da takarda ɗaya da gammo. Sunan da za ka sa kuwa na aro ne, irin su Lami ko Talatu, kuma kada ka ambaci layi ko gidan da za a gane.

Mataki na biyar: kari

Rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji awonta daga arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Ba sai ka haddace bahar 16, wato ire-iren karin da ke cikinsa, ba. Abin da ba makawa shi ne ka iya raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali, kamar "da" ko "si". Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "hau" da "kai", ko wadda ta rufe da baƙi kamar "min" da "tsum". Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka kunne ne alƙali. "Ta" a cikin "ta tafi jiya" doguwa ce, amma a cikin "sai ta tafi" gajera ce, alhali a takarda kamarsu ɗaya.

Yanzu koma ga abin da ka ji a wurin gini. Tafiyar mai kwano ɗagawa ce ɗaya mai sauƙi, sai taku biyu masu nauyi. Wannan shi ne Mutaƙarab, fa'ulun: marar nauyi, mai nauyi, mai nauyi. Furta "siminti" a hankali, ka furta "da yashi", za ka ji sun zauna a kai daram. Ga baitoci uku da na tsara don misali, kowane ɗango fa'ulun huɗu:

Siminti da yashi, ruwa ya haɗa su,
Ta ɗora a gammo, ƙafa ɗai a tsani.

A hannu siminti yana cin ta kullum,
Ta ɗaure da tsumma, ta koma da rauni.

Idan an gama, mai gida zai yi barci,
A inwar da Lami ta ɗora da rani.

Ka lura babu "jaruma" babu "abar tausayi". Tsumma da tsani sun ɗauke musu aiki. Ka lura kuma da "ɗai" maimakon "ɗaya", da "inwa" maimakon "inuwa". Mawaƙi yana da damar taƙaita kalma don kari ya daidaita, amma in ya yawaita sai waƙa ta koma kamar ana tauna tsakuwa. Sau ɗaya ko biyu a baiti uku ya isa.

Mai fasa dutse ba haka jikinta yake tafiya ba. Guduma sauka take yi daidai da daidai, babu gudu. Ita sai gaɓoɓi masu nauyi zalla, wato siffar Mutadarak da ake auna ta da fa'lun fa'lun:

Dutse, rana, ƙura, yunwa.

Gaɓa takwas, duk masu nauyi. Gwada rera shi kana buga tebur. Kuskure ne ka ɗauki karin da ka saba da shi daga waƙoƙin bege ko na siyasa ka ɗora wa kowane aiki. Matasa da yawa yanzu suna rubuta waƙa marar kari, kuma ban ce haramun ba ne. Amma wanda ya bar kari bayan ya iya shi daban yake da wanda ya bar shi don ya gagare shi, kuma mai sauraro yana ganewa tun a ɗango na biyu.

Mataki na shida: zubi da amsa-amo

'Yar tagwai, mai ɗango biyu a baiti, ita ta fi dacewa da mai farawa, kuma ta dace da gajeren numfashin aiki. 'Yar biyar tana da kwarjini amma tana tilasta ciko, ka ga mutum ya faɗi maganarsa a ɗango biyu ya cike uku da iska. Kafin ka zaɓi babban amsa-amo, jera kalmomin da ke ƙarewa da shi ka ƙirga. Na zaɓi "ni" a misalin sama don yana da tsani, rauni, rani, gini, wuni, gwani, bayani. Da "wa" ne da an sami ɗaruruwa, amma sauƙinsa kan sa a yi ta jero "ɗaukewa, saukewa, komawa" har mai ji ya yi gyangyaɗi. Baiti 15 zuwa 25 sun wadatar. Mabuɗi da sunan Allah da salati, baiti ɗaya ko biyu, ka shiga aiki. In kana son amshi, ɗauko shi daga kiran da ake yi a wurin, ya zama gajere yadda taro zai iya karɓa.

Mataki na bakwai: sassaƙa

Ajiye waƙar kwana biyu ka dawo mata da jan biro. Duk ɗangon da za a iya ɗauka a sa a waƙar malamar asibiti, soke shi. Duk kamantawar da ta fito daga wajen wurin gini, tuhume ta: zakanya, tauraruwa, zinariya, duk an gaji da su. In za ka kamanta, ɗauko daga abin da ke gabanta, rodi, gora, kankare da ke ƙara ƙarfi da kwanaki. Mutuntarwa tana aiki sosai a nan, siminti mai ci, tsani mai ƙirga taku, bene mai mance wanda ya ɗora shi.

Kula da abu biyu. Kada ka siffanta jikinta yadda ake yi a waƙar soyayya, ba abin da ya kawo ta ke nan ba. Kuma kada ka mai da baitocin ƙarshe wa'azi ga gwamnati ko ga mazaje. In akwai zalunci a biyan kuɗi, nuna hannun da ke ƙirga kuɗin da yamma da abin da aka zaftare, mai sauraro zai yanke hukunci da kansa. Ka bar mata dariyarta ma. Wurin gini cike yake da barkwanci da tsokana, waƙar da babu ko ɗaya a ciki ta rage gaskiya.

Mataki na takwas: rerawa da mayarwa

Rera ta da ƙarfi, ba a zuci ba. Inda harshe ya yi tuntuɓe, kari ya karye. Ba wa wani ya rera ba tare da ka nuna masa ba, don kai ka riga ka san inda kake ja da inda kake haɗiyewa. Sannan kai ta zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, ko wurin wani malamin waƙa, a duba maka awo.

Bayan nan sai masu ita. Ɗauki murya a waya, domin da yawansu da kunne za su karɓe ta, wasu kuma ajami suke karantawa ba boko ba. Kunna musu lokacin hutu, ka dubi inda suka yi dariya da inda suka ce "ba haka ake yi ba", ka gyara kafin ta hau Facebook ko ta shiga rediyo. In wata ta ce a cire wani baiti don za a gane ta, cire shi ko da shi ne mafi kyau. In waƙar ta kawo kuɗi a gasa ko a taro, a fitar musu da rabo. Kuma ka yi wannan da wuri: leburorin dakin na rana ɗaya ne ko biyu, gobe suna wani gini a Hotoro ko Jaba. Tun zuwan farko ka karɓi lambar shugabansu, ka tambaye shi inda suke taruwa da safe kafin a ɗauke su aiki.